Ranar da Yaya Ya Share Rumbu

Akwai wani littafi da duk wanda ya zauna bencin kolej a zamaninmu ya sha wahalarsa. Ba zan ambaci sunansa ba, don ba na so in ƙara masa ko mai karatu ɗaya. Da Faransanci aka rubuta shi, tun kafin a haifi uwata, kuma malamai da hannu biyu suke ɗaukarsa. Labarin wani magidanci ne a wani ƙauye da ba a faɗi inda yake ba. Dogo ne, ba ya son yawan magana, ba ya ɗaga murya, in ya yi kyauta ba ya waiwaye. Da aka yi shekarar yunwa sai ya hau rumbunsa da kansa, ya yi ta jefo wa mutanen gari damman hatsi har ya kai ƙasa, ya ɗauki na ƙarshe ya miƙa wa wata tsohuwa da kowa ke gudu, sannan ya sa tafin hannu ya share ƙwayar da ta zube. A babin da ke biye ruwa ya sauko, kowa ya yi murna, littafi ya ƙare.

Mushen, wato malamin, da ke koya mana Faransanci a Dogon Dutsi yana son mutumin nan kamar shi ya haife shi. Zai tsaya gaban tablo, wato allo, ya lumshe ido ya yi mana shiftar halayensa, mu rubuta a kaye, littafin rubutunmu, mu ja layi da jan bik: karamci, jarumta, kawaici, tawakkali, rashin son kai. In ya zo wurin sharar rumbun nan har muryarsa rawa take yi. Yakan ce mu lura da kyau, mutumin bai tsaya tunani ba, bai shawarci kowa ba, bai bar wa kansa ko ƙwaya ba, kuma a nan girmansa yake. Na haddace duka, tunda jarrabawa ba ruwanta da ra'ayina. A lokacin ban so mutumin ba, ban kuma ƙi shi ba. Ƙiyayyar daga baya ta zo, kuma yayana ne ya kawo mini ita har gida.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta, na tsakaninmu duk ba su rayu ba. Kamar yadda aka saba, ana yaye shi aka kai shi wurin kawunmu a Dutsi, can ya tashi. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon tsabar idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ta kama dole sai ta ce "wancan na Dutsi", ko da kuwa yana zaune a gabanta, ta bi ta kaina da saƙon. Mutane suna yaba wannan kunya ta ɗan fari, ni ma ban ce ba ta da kyau ba, amma in an tambaye ni ita ce ta lalata Yaya. Yaron da uwarsa ba ta taɓa ce masa kai wawa ne ba, wa zai faɗa masa? Kawu kuwa lallaɓa shi yake yi, don ɗan amana ne.

Shi ma a kolej ya haɗu da littafin, shekaru da yawa kafin ni, sai abin ya hau shi kamar yadda iska ke hawan ɗan bori, ya kuma ƙi sauka. Kwafin lakwal ɗin ma, wato na makaranta, bai mayar ba, yana nan a akwatinsa duk ya ja masa layi. Ya koyi tafiyar mutumin, ya koyi shirunsa. Ko tuwo ka tambaye shi zai ci, sai ya kalli nesa tukuna kafin ya amsa. In ya ba mabaraci wani abu ba ya waiwaye, gaskiya ne, amma yakan rage tafiya har sai addu'ar ta gama shiga kunnensa. In ya zo ƙauye hutun damina, gindin gawo yake zama a bakin gona da littafinsa, mu muna duƙe. Tafin hannunsa kamar na jariri. Daga baya ya sami aiki a wani buro, wato ofis, yana buga hatimi a takardu, da Baba ya rasu kuma aka ce shi ne maigida. Shi ya gaji hular da sunan gandu, Inna ta ci gaba da riƙon hauya kamar da.

Gonar gandunmu tana gangare, bayan ƙauyenmu da ke kusa da Tibiri, ƙasa ce mai riƙe ruwa. Ba kowane hatsi ke yi a cikinta ba, mai saurin nuna tun yana tsaye yake ruɓewa. Abin da ta yarda da shi wata maiwa ce da Inna ta zo da irinta daga gidan uwarta, mai doguwar zangarniya da gashi tsaye, wadda tsuntsu ba ya iya sauka a kanta. Ba a samun ta a kasuwa. Kowace kaka, kafin a fara girbi, Inna takan shiga gonar ita kaɗai da wuƙa, ta bi layi-layi tana zaɓar zangarniyar da ta cika ta yanke. Dami uku take haɗawa. Takan ɗaure su da kaba da ta kitsa, ta yi ƙulli biyu, ta saƙala baƙin ƙyalle, ta shimfiɗa toka a ƙasan rumbun gandu ta kwantar da su, sannan a jibga sauran hatsi a kai. Duk wanda ya taɓa riƙe hauya a ƙasarmu, in ya ga irin wannan ɗauri ya san iri ne, ko ba na gidansu ba ne. Ba a cinsa, ba a kyauta da shi dami guda. In maƙwabci ya roƙa, zangarniya biyu ko uku ake ciro masa.

Shekarar da nake ajin ƙarshe na kolej, ina zaune a gidan Yaya a Dutsi, daminar da ta gabata ta yi gardama. Ruwa ya ɗauke hatsi na fitar da kai, masu gonakin tudu ba su sami abin kirki ba. Kafin bazara ta yi nisa mata sun fara jiƙa anza, wannan 'ya'yan itace mai ɗaci da sai an yi kwanaki ana sake mata ruwa kafin ta ciwu. Mu gangaren nan ya cece mu, rumbunmu ya haura rabi. Kuma kada a ɗauka Inna ta zauna a kansa ne kamar kaza a kan ƙwai. Kullum da safe akwai tiya da ke fita ta bayan darni zuwa gidan mai jego, akwai ƙwarya da ke zuwa wurin makaho, ba wanda ke gani, ba wanda ke godiya da ƙarfi. Tana bayarwa tana duban sama, tana auna abin da zai kai mu da su ga sabon hatsi. Yaya bai san da wannan ba, don ba abin da ake faɗa ba ne, kuma ba shi ake faɗa wa ba.

Sai aka yi wa Inna rasuwa a wani ƙauye gaba da Tibiri, ta tafi zaman makoki na 'yan kwanaki. Ban sani ba ko Yaya ya jira wannan ne ko kuwa sa'a ce ta zo masa, ba na so in ɗora masa abin da ban tabbata ba. Ranar Asabar da safe ya sa farar shadda, ya ce in hau bayan moto za mu gida. Abokansa biyu suka biyo mu. Ɗaya abokin aikinsa ne mai babbar waya, ɗaya kuma wani matashin ɗan kasuwa ne daga cikin ustazan nan masu ɗage wando. Da muka tsaya shan ruwa a hanya na ji abin da ake shirin yi, ashe har an aika ƙauye da rugagen kewaye cewa a taru a ƙofar gidanmu. Ustazun nan, Allah ya saka masa, bai ɓoye ba. Ya ce sadaka daga gida take farawa, ya ce wadda aka ɓoye ta fi lada, ya ce a jira tsohuwa ta dawo a ji ta bakinta tunda ita ta noma. Yaya ya kalli nesa, ya yi murmushin nan nasa na littafi, ya ce mai bayarwa ba ya neman izini. Da muka isa, Ustazu ya koma gindin itacen bedi ya zauna, bai sa hannu a komai ba.

Mun tarar da mutane cike da ƙofar gida, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Yaya ya sa aka jingina tsani, aka ɗage jinkar rumbu, ya tattare shaddarsa ya hau da kansa, don a littafin ma da kansa mutumin ya hau. Ya dinga ɗago dami yana miƙowa, ana karɓa ana sa masa albarka, mai waya yana zagayawa yana ɗaukar hoto. Ba zan yi ƙarya ba, da farko har ni abin ya ɗan burge ni. Akwai matan da na san 'ya'yansu sun kwana biyu ba su ga hura ba, na ga sun rungume dami suna hawaye. Na ce a raina zai tsaya a rabi, ko ya bar kashi ɗaya cikin uku. Amma kansa ya yi ta nutsewa cikin rumbun har ya ɓace, sai hannuwansa kawai ke fitowa. Can sai na ga dami ya ɗago da toka a jikinsa, baƙin ƙyalle yana reto.

Mutanen wurin manoma ne, sun gane. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya sunkuyar da kai. Na matsa gindin tsani na ce a hankali, "Yaya, wanga iri na. Ɗaurin Inna na."

Ya leƙo, fuska duk ƙaiƙayi, ya ce mini da Faransanci in rufe baki kada in ba shi kunya. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Wanda yab ba mu wanga, shi ka ba mu wani."

Aka ce haka ne, Allah ya ƙara arziki. Me za su ce? Yunwa ba ta bar wa kowa bakin gardama ba, kuma mai gida ne da kansa ke bayarwa. Ni kuma na yi shiru. Shekarata goma sha shida, a gidansa nake ci nake kwana, an koya mini ba a mayar wa babba magana a gaban jama'a. Duk da haka har yau in na tuna shirun nan sai in ji haushin kaina, don da na kwanta a ƙasa na yi ta birgima da kururuwa, da kunya ta sa ya bari. Dami na farko ya tafi hannun wani mai 'ya'ya da yawa daga wata ruga, na biyu wani baƙo ya saɓa a kafaɗa. Na uku Yaya ya sauko da shi da kansa, ya tsaya yana waige-waige, na san abin da yake nema. Can bayan mutane ya hango wata tsohuwa 'yar asalin wajen Lugu, wadda ke zaune ita kaɗai a bukka bayan gari, ana cewa tana da doguwa, wato aljana, yara ba sa bi ta ƙofarta. Ya sa aka buɗe mata hanya, ya jira mai waya ya daidaita, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta kalli damin, ta kalle shi, ba ta ce na gode ba, ta ɗora a kai ta juya. Shi kuwa ya koma ya share ƙasan rumbun da tafin hannu, toka da duka.

Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. To, ba su san Yaya ba. Ya wanke hannu, ya karkaɗe shadda, ya hau moto ya koma inda albashi ke jiransa. Ni na ce ba ni da lafiya, zan jira Inna.

Bayan kwana biyu ta dawo da hantsi. Tun a hanya an tare ta da barka, ana cewa ta haifi ɗa. Ta ajiye ƙullin kayanta, ta hau tsanin da ba a ko kawar ba, ta leƙa, ta daɗe a can sama. Da ta sauko ta zauna a kan turmi ta ce in ba ta ruwa. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi zagi, na ma shirya taya ta. Ba ta ambaci wancan na Dutsi ba ko sau ɗaya. Ta sha ruwan ta ce, "Har da na baƙin ƙyalle?"

Na ce har da su.

Ta ce, "Wa anka ba?"

Abin da ya rage mana shi ne ɗan ƙaramin rumbunta na gayauna a bayan ɗaki, wanda Yaya bai ma san da shi ba. Ci dai za mu lallaɓa, da ganye da abin da Allah ya hore. Amma hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, kuma in ruwan shuka ya sauka bai tarar da irin nan ba, gangaren zai kwana ba komai, maiwar uwarta kuma ta ƙare ke nan daga duniya. A wurinmu ba abin kunya kamar bin kyauta a karɓo. Inna ta san haka sarai. Ta sussuka hatsin gayaunarta ta cika ƙwarya biyu, ta ɗora mini ɗaya ta ɗauki ɗaya, ta ce musaya za mu roƙa, tiya biyu a kan ɗaya.

Rugar mai 'ya'yan nan muka fara zuwa, tafiyar rabin yini cikin rairayi. Tun daga bakin shinge muka ga amsa. Kitsattsiyar kabar tana yashe a ƙasa, akuya tana taunar bakinta. Matar gidan ta fito da yara biyar a bayanta, ta gane Inna, ta durƙusa tana godiya tana cewa ba su taɓa shan hura mai gardin wannan ba. Inna ta amsa gaisuwa, ta tambayi lafiyar yara, ba ta faɗi abin da ya kawo mu ba. Da za mu tafi ta juye musu rabin ƙwaryarta, ta sunkuya ta ƙwace kabar daga bakin akuya ta cusa a zaninta. Washegari muka bi sawun baƙon nan har Tibiri, aka ce tun ran kasuwa ya sussuke damin ya sayar, an zuba a buhu tare da na kowa. Muka tsaya a rumfar masu hatsi Inna tana tsoma hannu a buhuna tana duba ƙwaya, har mai rumfar ya tambaya ko saye za mu yi. A hanyar komawa sau biyu ta zauna ta ce ƙafarta.

Saura na tsohuwa, kuma ita muka bari ƙarshe don ba mu sa rai ba. Kowa ya san ba ta da gona, ba ta da ɗa, ba mai kai mata ko dusa. Muka same ta da rana tsaka a ƙofar bukka tana tsiyaye ruwan anza daga wata fasasshiyar tukunya, wuyanta duk jijiya. Inna ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ina wuni." Tsohuwar ba ta amsa gaisuwar ba, ta ce mun daɗe, ita tun shekaranjiya take zuba ido. Ta nuna cikin bukkar da haɓa. Na sunkuya na shiga, da idona ya saba da duhun sai na gan shi a sama, an rataye shi a jikin itacen tsakiya inda hayaƙi ke bugu, baƙin ƙyallen yana nan yadda Inna ta saƙala. Kwana biyar tana kwanciya a ƙarƙashinsa da anza a cikinta.

Kada a ce zan mai da ita waliyyiya, don ba ita ba ce, kuma na gaji da waliyyan takarda. Masifaffiya ce ta gaske. Ta zazzage Inna tas, ta ce wace irin mace ce za ta bar iri inda hannun ɗan lakwal zai kai, ta ce da haihuwar wani gara ɓari. Ni ma ta ce in daina kallonta da idon mujiya. Da aka zo musaya ta ce tiya biyu a kan ɗaya wasa ne, sai an juye mata duk abin da ke cikin ƙoren nan biyu, kuma ta riga ta zare zangarniya bakwai za ta shuka a bayan bukka, kada a tambaye ta. Inna ta ce ta yarda. Sai da muka sauko da damin, Inna ta rungume shi, sannan ta tambaye ta a hankali me ya hana ta ci, tunda ba ta aka yi.

Tsohuwar ta ce, "Wanda yab ba ni bai san abin da ya riƙa ba, ɗiyata. Ni na sani. In na ci shi, da wane baki za ni gaishe ki?"

A nan ne kawai na ga hawayen Inna, kuma ta yi maza ta goge da gefen zani ta ce hayaƙi ne. A hanya ta ja mini kunne cewa ko da wasa kada wancan na Dutsi ya ji mun yi wannan yawo. Na tambaye ta don me, ta ce ba a yi. Na ce ai shi ya jawo, ta ce ta ji, amma ba a yi.

Ruwan shuka ya sauka bayan mako biyu. Dami ɗaya bai rufe ko rabin gangaren ba, sauran muka zuba hatsin da aka samu, ya ruɓe a tsaye kamar yadda muka sani zai yi. Damina uku Inna ta yi tana zaɓe tana ƙarawa kafin maiwar ta sake cika gonar, kuma a cikin shekarun nan ne bayanta ya ranƙwafa. Da na koma lakwal aka ba mu aikin aji cewa mu fayyace kyawawan halayen jarumin littafin. Na jero biyar ɗin nan yadda aka yi mana shifta, sannan a ƙasa na ƙara tambaya: da ruwa ya sauko a babi na gaba, me mutumin ya shuka, kuma wa ya je nemo shi? Mushe ya zagaye wurin da jan bik ya rubuta a gefe cewa na fita daga batu.

Yanzu ni ma malamar lakwal ce, kuma na sake karanta littafin da idon babba, ko na zalunci mutumin. Ban zalunce shi ba. Matarsa sau biyu ta fito a cikin littafin duka, sau ɗaya ta kawo masa ruwa, sau ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushi yana rabar da guminta. Hauya sau ɗaya na gan ta a hannunsa, ita ma jingina ya yi da ita yana kallon faɗuwar rana. Kawaicin da ake yabo, ai dole ya yi kawaici tunda marubucin bai bar kowa ya mayar masa da magana ba. Jarumtarsa ba ta taɓa fatarsa ba. Tawakkalinsa kuwa, wa ba zai yi tawakkali ba in ya san ruwa na jiransa a shafi na gaba? Na tabbata wanda ya rubuta shi bai taɓa ɗaukar dami a kai ba, in ba haka ba da ya san abin da ake kwantarwa a ƙasan rumbu. Raina mutumin nake yi, raini mai tsanani, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne har yanzu yara na jan layi a ƙarƙashin halayensa.

Yaya kuwa sai abin da ya ci gaba. Inuwar giginya, na nesa ka sha. A Dutsi ana ba da labarinsa a wurin ɗaurin aure, ana cewa shi ne wanda ya share rumbu a shekarar anza, shi kuma sai ya kalli nesa ya ce a bar maganar. Hoton nan ya sa an wanke shi babba an sa a gilashi, yana rataye a falonsa: shi cikin farar shadda, tsohuwa a gabansa, dami a tsakaninsu. In ka matsa kusa za ka ga baƙin ƙyallen. Duk lokacin da Inna ta zo Dutsi ganin likita ta sauka a gidan, sai ta ja tabarmarta ta zauna ta ba hoton baya. Matarsa ta ɗauka hasken taga ne ba ta so.

Tun daga shekarar nan iri bai sake kwana a rumbun gandu ba. Da kaka Inna takan ɗauki damman ta kai bukkar tsohuwa, ta haɗa mata da na ci, ta sha zagi ta dawo. Bayan tsohuwar ta rasu ban san inda ta koma ajiyewa ba, don aiki ya kai ni nesa, in na tambaya sai ta ce yana inda yake.

Bara da rani ciwo ya kwantar da ita a ƙauye, muka taru ni da Yaya. Ba zan hana shi hakkinsa ba, ya yi ɗawainiya, ya kawo likita har gida, ya kwana uku a zaure bai koma buro ba. Rana ta huɗu da la'asar muna zaune a ɗakinta, shi a bakin gado ni a ƙasa, numfashinta ya fara sarƙewa. Ta buɗe ido ta dube ni, ta ce a ce da wancan na Dutsi tana son ruwan rijiyar bakin kasuwa, na randa ya ishe ta. Yaya ya miƙe da sauri har yana tuntuɓe, fuskarsa ta yi haske, don a iya sanina wannan ne karo na farko da ta taɓa neman wani abu a hannunsa. Ya ɗauki buta da kansa ya fita.

Ta saurara har ƙarar takalminsa ta ɓace, sannan ta jawo wuyan rigata ta faɗa mini a kunne: dami uku, a rufin ɗakin girkin maƙwabciyarmu, bayan tsohuwar tabarma. Ta sa na maimaita mata sau biyu. Da Yaya ya dawo yana haki da butarsa, ta riga ta juya fuska bango. Ni na karɓi ruwan na ba ta, ta ɗan jiƙa leɓe, ta ce a ce masa an gode.